Zanen Uwa Nilamba da Idona na Hagu

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa, ya tsaga ta da koguna, ya zaunar da mutane gaɓa da gaɓa, kowa da harshensa, kowa da abin da yake girmamawa. Ku gyara zama, ku da kuke tambayata abin da ya sa nake juyo da fuskata gaba ɗaya idan aka yi mini magana ta hagu. Yau zan gaya muku inda na baro wannan ido, da wanda ya ceto mini ɗan'uwansa.

Ni ne Tankari ɗan Shawai, maɗinkin manyan riguna a Kwarin Maje. Lokacin da idona ke da ƙarfi, in na zauna a zaure da allura da zaren tsamiya, aska takwas ɗina ba ta da ta biyu a kasuwarmu. Sai wata shekara na fara ganin duniya kamar ta bayan hayaƙi. Na sa kwalli, na sha rubutu, na wanke fuska da duk saiwar da aka ambata mini, amma yanar da ta rufe mini ido sai ƙara kauri take yi, ta hagu ta fi ta dama. Ranar da matata Gwamma ta ɗaga rigar da nake ɗinkawa, ta ce, "Maigida, kore ka sa a wurin shuɗi," ranar na ajiye allura.

Wani bafatake da ya sauka a gidan maƙwabcina ne ya ba ni labarin ƙasar Malandi, can bayan teku, inda mutane ke bin addinin Hindu. Ya ce a tsallaken wani kogi da ake kira Nilamba akwai tsoho mai suna Anantaya, wanda ke sa siririyar allura a ido ya kawar da yana, makaho ya tashi yana gani.

"Amma fa sai in yanar ba ta ƙanƙare ba," in ji shi. "In ta tsufa ta bushe, shi ma ba ya taɓa ta."

Wannan magana ce ta hana ni zama. Na yi sallama da Gwamma, na bi ayari gabas har ƙasa ta ƙare, na shiga jirgin ruwa. Matuƙan jirgin mutanen Malandi ne, a bakinsu na koyi harshensu, tunda ba ni da abin kallo sai sauraro.

A tsakiyar teku muka kusanci wani tsibiri da ke cike da tsuntsaye masu aron murya. Kowa ya ji wani nasa yana kiransa daga gaɓa. Masu lafiyar ido suka ce har siffar mutanen suke hangowa, suna ɗaga hannu. Ni ma na ji muryar Gwamma, ba ta rage komai ba, tana cewa, "Tankari, Tankari, sauko." Har na ɗaga ƙafa, sai na tsaya. Tun da na auri Gwamma, bakinta bai taɓa furta sunana ba. Na lalubi shugaban jirgin na riƙe shi gam, na ce masa wannan ba mutanenmu ba ne. Allah ya sa ya ji, ya juya akalar jirgin, muka wuce muna jin duwatsun ƙarƙashin ruwa suna gogar katako. Na ce a raina, wanda ya tsallake wannan, kogi ɗaya ba zai tsayar da shi ba.

Na isa birnin Kanakari da hantsi, na tarar gari ya cika ya batse. Ƙararrawa ta ko'ina, ana busa manyan ƙwanson teku kamar ƙaho, ƙamshin turare da na furanni har yana sa mutum atishawa. Na bi taro har bakin kogi, inda matakalar dutse ke gangarawa cikin ruwa. Abin da nake iya gani kawai shi ne launuka suna motsi, ja da rawaya da fari, kamar an jiƙa riga mai ado rini ya zuba. Na tambayi inda masu fito suke, aka kai ni wurin wani mutum mai kakkaurar murya, Baskara, wanda ke zaune a kan jirginsa da aka kife a kan yashi.

"Ɗan'uwa, tsallake nake so, yanzu in da hali."

Ya yi dariya, ba ta raini ba. "Baƙo, ka taɓa nan." Ya kama hannuna ya ɗora a kan filafilinsa. An naɗe shi da furanni tun daga sama har ƙasa. "Bikin haihuwar Uwa muke yi. A irin wannan lokaci ta sauko daga dutse ta shayar da kakanninmu. Yanzu wanka take yi, ba a dukan ta da filafili, ba a soka mata gora, sai an ɗaura mata zane."

Sai na gane cewa a wurinsu kogin ba ruwa ba ne kawai, allahiya ce, Uwa Nilamba suke kiran ta. Na tambaye shi yaushe ne ranar zanen. Ya ce nan da 'yan kwanaki, washegari kuma shi da kansa zai kai ni.

"To, in na jira, tabbas zan tsallaka?"

Ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Bayan zane Uwa kan cika. Wata shekara takan ba mu kwanaki, wata shekara a ranar take tasowa. In ta taso, babu mai tsallaka ta sai damina ta wuce."

Na rufe idon dama da tafin hannu, na dubi rana da na hagu, na ga ta zama kamar fitilar da mai ya kusa ƙare mata. Idon nan ba zai kai ƙarshen damina ba.

Baskara ya sauke ni a gidansa, ya ba ni tabarma da wuri mai tsabta na yin salla, bai taɓa tambayata dalilin da ya sa ba na gangarawa in zuba wa kogi madara kamar kowa ba. Mutumin kirki ne, amma ko maganar jirgi ba ya so in sake ɗagowa.

Washegari na tafi wurin babban mai hidimar ɗakin bautarsu, Kesawan. Na shiga layi tun rana na da sanyi, ana ture ni ina ture wasu, har ta take tsaka. Da na iso gabansa na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, daga bayan teku na zo. Idona na mutuwa, maganinsa yana can tsallake. A ba ni izinin jirgi ɗaya."

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na ji tausayinka, baƙo. Amma izinin ba a hannuna yake ba. A bayanka akwai matar da ɗiyarta ke naƙuda a tsallake, akwai wanda aka aiko masa mahaifinsa ya rasu. In na buɗe maka, me zan ce musu?"

"Ka buɗe mana gaba ɗaya mana."

"Sai in zama wanda ya shiga wa uwarsa tana wanka."

Ya sa aka zuba mini shinkafa mai zaƙi a ganye. Na fito riƙe da ita, takaici ya hana ni ci, kunya ta hana ni zubarwa.

Na ji an ce akwai gadar igiya can arewa, inda kogin ya tsuke tsakanin duwatsu. Na ɗauki sanda na kama hanya, ina tuntuɓe ina tashi, ƙaya ta yayyaga mini wando. A cikin wani kurmi birai suka sauko suka warware rawanina daga kaina, ina ji suna faɗa a kansa a saman bishiya. Da na kai wurin gadar, sai na tarar an kwance ta an naɗe kamar tabarma, wasu mata biyu na zaune a kai suna tsifar furanni. Suka ce ƙafar mutum ba ta wucewa ta saman kan Uwa a kwanakin nan. Na zauna a ƙasa na ciji yatsa. Ga ruwa ina jin kukansa, ga muryoyin mutanen tsallake suna iso mini, har tarin wani tsoho na ji, amma tsakanina da su kamar tsakanina da Kwarin Maje.

A hanyar komawa na faɗa cikin garken wasu baƙaƙen dabbobi masu kama da ɓauna, waɗanda mutanen ƙasar ke tatsa kamar shanu. Na ji suna gangarawa ruwa suna huci, babu makiyayi, babu mai hana su. Sai na tuna yadda Fulanin ƙasarmu ke tsallaka gulbi riƙe da wutsiyar sa. An hana filafili, an hana gora, an hana gada, amma ban ji an hana wutsiya ba.

Ban gaya wa Baskara ba. Da gari ya waye ranar zane, na yi salla, na ɗaure rigata a ka, na je inda ɓaunayen ke shiga ruwa. Na lalubi wata babba, na naɗe wutsiyarta a hannu, na yi bisimilla. Ta ja ni. Ruwan ya yi sanyi har cikin ƙashi, yana shiga mini hanci, ƙafata ta daina taɓa ƙasa. Muna cikin tafiya na ji wani abu mai kaushi ya goge ni daga kafaɗa har gwiwa. Na waiga, na ga wani dogon duhu yana iyo kusa da ni, da ɗigon ja a goshinsa da furanni a wuya. Kada ne, wanda tsawonsa ya kai jirgin Baskara. Ya buɗe baki a gaban fuskata. Na yi kalmar shahada. Sai ƙamshin madara da shinkafa ya bugi hancina. Ashe tun farkon biki ake ciyar da kadojin kogin, hamma kawai ya yi, ya nutse ya bar ni.

Da ƙafata ta sake taɓa yashi, na saki wutsiya na faɗi ina godiya ga Allah. Na tashi na miƙe gaba don in nemi gari. Ban yi nisa ba sai na sake jin ruwa a ƙafata. Na bi dama, ruwa. Na bi hagu, ruwa. Tsibiri ne a tsakiyar kogi, nan ɓaunayen ke kiwo, ba sa wuce shi. Na kama wata na ja, na roƙe ta da Hausa, na roƙe ta da harshen Malandi, ta kwanta a taɓo ta ci gaba da tuƙa.

Ina nan zaune, rana na dukan kaina da babu rawani, sai na ji kiɗa yana tahowa a kan ruwa. Giwaye sun riga sun tsallakar da wata doguwar igiya tun da sassafe, ita ake ja jirage su tafi ba tare da an taɓa kogin da komai ba. Daga tsallake jirage suka taho a jere, a samansu wani jan abu yana shimfiɗuwa, yana ƙara tsawo, kamar hanya ake yi wa ruwa. Zanen Uwa ke nan, wanda masaƙan ƙasar suka shekara suna saƙawa, za a miƙa shi daga gaɓa zuwa gaɓa. Ni maɗinki ne, na san a rayuwata ba zan sake kusantar yadi irin wannan ba, amma abin da na gani bai wuce jan hazo ba.

Jirgin farko ya zo daf da tsibirin ya tsaya. Wata mace ta yi magana daga ciki.

"Bawan Allah, me ya kawo ka nan? Shigo, birni za mu. Wanda aka tsinta a cinyar Uwa ba a barinsa."

"Daga birnin na fito. Tsallake nake so."

"Tsohon da ke riƙe da bakin zane yana yafito ka. Ba ya magana yau, an ɗora masa shiru har sai an gama. Ka matso, da alama fuskarka yake so ya gani."

Na hangi wani ɗan farin abu yana motsi a goshin jirgin. A daidai lokacin na ji wani jirgi yana tahowa ta ɗaya gefen igiyar, daga birni zuwa tsallake, ɗauke da abincin biki. Nan take na juya wajensa.

"Ki ba Baba haƙuri, ina sauri. Allah ya ba shi lada."

"Har yanzu yana yafito ka."

Ban ƙara sauraron ta ba. Na faɗa ruwa har ƙugu na kama bakin jirgin abinci, suka jawo ni ciki na zauna tsakanin tukwane. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun barina gida. Na ce yau na fi kogi wayo.

Ina sauka na tambayi gidan Anantaya, aka nuna mini wani ɗan gida a gindin bishiyar mangwaro. Na yi sallama, wata tsohuwa ta fito, ta ce ita ce Wasanti, matarsa. Na gaya mata daga inda na zo da abin da ya kawo ni. Sai ta tambaye ni:

"Ɗana, da wane jirgi ka zo?"

"Da na abinci, Inna. Daga tsibiri suka ɗauke ni."

"To ai kun yi saɓani. Kowace shekara ana sakin fure a ruwa da asuba, dattijon da ya tsaya a ƙafarsa shi ke riƙe bakin zane. Bana a ƙafar maigidana ya tsaya. Shi ne a jirgin farko."

Na juya da gudu zuwa bakin kogi, na faɗi, na tashi, na sake faɗi. Kafin in kai, iska ta canja, aradu ta yi ƙara daga wajen duwatsu. Na ji mutane a gaɓa biyu sun ɗauki guɗa da waƙa. Uwa ta karɓi zanenta, in ji su, ga ta nan ta taso. Ruwa ya zo ja wur, yana tafe da itatuwa, ya haɗiye tsibirin da na zauna a kai, ɓaunayen ma da ƙyar suka fita. Aka sare igiya don kada ta ja jirage. Kowa na rawa yana watsa furanni, ni kaɗai nake tsaye ina ƙwala wa tsallake kira, ina ambaton sunan mutumin da ya yi ta yafito ni.

Damina ta same ni a gidan Wasanti. Ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan ma ya fi ƙona mini rai. Ta ba ni kaɗa ina murza mata zare da lalube, in lokacin salla ya yi ta juya ni ta fuskantar da ni inda na ce mata alƙibla take. Kowace safiya nakan rufe idon dama in gwada na hagu. Da farko ina ganin ƙofa, daga baya sai haskenta kawai. Wata safiya na rufe na dama, sai na ga babu komai, ko bambancin rana da inuwa. Na zauna da zaren a hannu har Wasanti ta zo ta karɓe shi, ta ajiye mini ƙwaryar madara, ta fita.

Da ruwa ya janye, jirgin Baskara ne ya fara tsallakowa, Anantaya na ciki. Ko ƙafa bai wanke ba ya ce a fito da ni tsakar gida. Ya tallafi haɓata da yatsu masu sanyi, ya buɗe idon hagu, ya daɗe yana dubawa, ya sake shi. Ya buɗe na dama.

"Wannan zan yi masa aiki gobe da safe. Na hagu ya wuce ni."

Na ce, "Baba, ranar da ka gan ni a tsibiri fa?"

"Ranar da sauran rai a cikinsa. Daga cikin jirgi na hangi farin yanar, na san wurina ka zo."

Duk abin da na haɗiye tsawon damina ya taso mini. "To me ya hana ka buɗe baki? Kalma ɗaya, Baba. Sunanka kawai za ka faɗa, ko ka sa matar nan ta faɗa."

"Ita baƙuwa ce daga wani gari, ba ta san ni ba. Ni kuma da na yi magana, zanen ya ɓaci. Aikin shekara na masaƙa, da zuciyar mutanen gaɓa biyu da za su shiga damina suna ganin Uwa ta juya musu baya. Na ɗora wannan a hannu ɗaya, na ɗora idonka a ɗayan." Ya sauke hannunsa daga fuskata. "Tun ranar nake sake aunawa a ɗakin bauta, safe da yamma. Har yanzu ban san ko na yi daidai ba."

Na so ya kare kansa don in sami wanda zan yi wa faɗa. Na nemi inda zan sauke fushina, a kansa, a kan Kesawan, a kan kogi, a kan ɓauna, na rasa. Sai kawai na ce Allah ya kai mu goben.

Da hantsi ya zaunar da ni ina fuskantar rana, Baskara ya riƙe kaina a ƙirjinsa. Na ji sanyin allura a gefen ido, sai zafi, sai wani abu ya zame kamar an ja labule, kafin in tantance ya rufe idon da auduga da man shanu ya ɗaure. Ya ce kada in yi tari, kada in yi atishawa, kada in sunkuya. Na kwanta rigingine kwana da kwanaki ina salla da ishara, Wasanti na ɗura mini kunu a baki.

Ranar kwancewa ya sa aka rufe taga, aka bar ƙofa kaɗan. Ya warware ƙyallen a hankali. Haske ya soke ni, hawaye ya zubo, na ƙifta, na sake ƙiftawa. Sai ga wani ɗan tsoho a tsugune a gabana, ƙanƙani, ba kamar yadda na zana shi a raina ba, kunnuwansa manya, gemunsa 'yan tsiraru. Ya ɗaga yatsu yana so ya tambaye ni nawa ne, amma ban jira tambayar ba.

Na ce, "Ina ganinka, Baba. Har tabon da ke gefen hancinka."

Ya sauke hannun, ya zauna daɓas a ƙasa, ya jingina da bango ya rufe fuskarsa. Can ya ce da matarsa ta kawo masa ruwa ya sha.

Nan na tsaya, jama'a. Abin da na gani na faɗa, abin da ban gani ba na faɗa yadda kunnena ya ji shi. Allah ya bar mana abin da ya rage mana.